Tsohon kayan ado: zinare, azurfa ko mai ruwan zinare?

Wata rana da la'asar na zauna a wani shagon shan shayi mai akwatin gilashi cike da tsofaffin sarƙoƙi da zobba na sayarwa. Har shayina ya huce ban sani ba. Na lura duk wadda ta zo fuskar kayan take kallo, ni kuwa sai na ce a juyo mini bayansu.

A wurin masu wannan harka, abu ba ya cin sunan tsohon kaya sai ya kai shekara 100. Kuma kuɗin da za ki biya ba na nauyi kaɗai ba ne, har da na shekaru da aikin hannu. Saboda haka in ajiyar dukiya kike nufi, gara ki sayi sabon zinare a kan sikeli.

In kuma son abin ne ya kama ki, nemi tambari a cikin zoben ko kusa da maƙullin sarƙa. Lamba 916 karat 22 ke nan (karat shi ne ma'aunin yawan zinaren da ke cikin abin), 750 karat 18, 585 karat 14, 375 kuwa karat 9. Akwai wani karat da nake so, wato 15. A Ingila an halatta shi a 1854, aka soke shi a 1932, don haka tambarin da kansa yana ba ki shaidar shekaru. Rashin tambari ba lallai ya zama ha'inci ba, domin maƙeri kan yanke wurin idan ya rage zobe. Amma fa sai a gwada kafin ki biya. Ki kuma duba ƙasan zoben, wanda aka daɗe ana sawa yakan cinye ya zama siriri.

Azurfa ta fi sauƙin kuɗi, ga ta da aiki mai kyau. Alamarta 925, ta Ingila kuma da ɗan hoton zaki. Baƙin da take yi ba aibi ba ne, gogewa yake yi.

Mai ruwan zinare ba laifi, muddin a kuɗinsa aka sayar miki. Duba gefe-gefe inda yake gogar jiki, nan tagulla ke leƙowa. Kada ki dogara da maganaɗisu, tagulla ma ba ta kama shi.

Duwatsu ne ke da rigima. Wasu na da an rufe bayansu, an shimfiɗa ɗan siririn ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashi. Ruwa na shiga, dutsen ya dushe. Irin wannan ba na mai yawan sa hannu a ruwa ba ne. Girgiza shi kusa da kunne, in kin ji motsi, dutsen ya saki.

Ni dai wani zoben azurfa mara dutse na ɗauka, bayan na sa mai shagon ta rubuta mini a rasit abin da ta ce shi ne.