Darussan da za su kai ka karatun lauya: wanne za ka riƙe tun daga SS1

A satin farko na SS1 ake raba ɗalibai gida uku, wannan kimiyya, wannan Art, wannan kasuwanci. Sai ka ga an manna jerin sunaye a ƙofar ofishin mataimakin shugaban makaranta, yara sun yi cincirindo, kowa na laluben inda abokinsa ya faɗa. A wannan rabon ne mutane da yawa ke rasa karatun lauya, amma ba sa ganewa sai bayan shekara uku, ranar tantancewa a jami'a, lokacin da ma'aikaci ya bi sakamakonsu da biro layi-layi, ya ɗago kai ya ce, "Ina Literature ɗinka?"

Tsangayoyin shari'a a Najeriya suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 an ci dai, amma ba kiredit ba ne, kuma a wannan fanni D7 ba ta da maraba da F9. Cikin biyar ɗin dole akwai Turanci, kuma mafi yawan jami'o'i suna ƙara Adabin Turanci, wanda za ka gani a fom da sunan Literature in English. A JAMB darussa huɗu ake zaunawa: Turanci mai tambaya 60, sai wasu uku kowanne tambaya 40, duka cikin awa biyu, maki 400. Ukun nan daga darussan Art ko na zamantakewa ake ɗebo su, kuma nan ma jami'o'i da dama sun ce lallai Adabin Turanci ya kasance ciki. Wasu tsangayoyin suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, wasu sun ce sai na zama ɗaya. Kundin JAMB yana intanet, kowace jami'a da nata ƙarin sharuɗɗan a ƙarƙashin sunanta, kuma shi ne alƙali. Abin da ɗan unguwarku ya shiga da shi shekara biyar baya ba hujja ba ne.

Ajin kimiyya ba hanyar lauya ba ce, duk yawan A1 ɗin da za ka tara a Fiziks da Kemistiri. Ajin kasuwanci ya ɗan fi kusa, tunda akwai darasin Tattalin Arziki, amma a yawancin makarantu babu Adabi a jadawalinsa, don haka shi ma a ajiye shi gefe. Art ne gidanka, ko da ana yi masa kallon ajin waɗanda lissafi ya kora.

Haɗin da na fi yarda da shi ga ɗalibin Arewa shi ne Adabin Turanci, darasin Gwamnati da darasin Addinin Musulunci, ko na Kirista ga Kirista. Waɗannan ukun da Turanci su ne huɗun JAMB ɗinka, sannan a WAEC ka ƙara Larabci idan makarantarku na da malami. A cikinsu Adabi ne uban tafiya, shi ne kuma wanda aka fi gudu.

Dalilin gudun a fili yake. Makarantun gwamnati da yawa ba su da malamin Adabi, ko kuma malamin Turanci ɗaya ne yake fama da azuzuwa shida, aka ɗora masa. Littattafan sai an saya. Sai a ce wa yaro, "Ɗauki Hausa kawai, ai duk adabi ne." Hausa darasi ne mai kyau, yana kawo kiredit, yana cikin darussan JAMB, amma ba ya zama a kujerar Adabin Turanci. Idan jami'a ta rubuta Literature in English, A1 a Hausa ba za ta cece ka ba.

Takardar Adabi ta WAEC kashi uku ce. Ta farko zaɓi-ka-cika ce, tambaya 50, a ciki akwai sanin ƙa'idojin adabi, da wata waƙa da wani zube da ba ka taɓa gani ba, da tambayoyi kan wasan kwaikwayo ɗaya na Shakespeare, inda za a ɗauko 'yan layuka a ce wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina. Ta biyu ƙagaggun labarai ne, na Afirka da na waje. Ta uku wasan kwaikwayo da waƙoƙi, su ma na Afirka da na waje. Jerin littattafan kan canja duk bayan shekara biyar, saboda haka kafin ka karɓi tsofaffin littattafan yayanka, duba ko har yanzu su ake yi. Inda aka fi faɗuwa wuri biyu ne. Na farko waƙar da ba a taɓa gani ba, don ba a haddace ta. Na biyu, a tambayi ɗalibi rawar da wani ya taka a labari, shi kuma ya zauna ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe, shafi uku, ba tare da ya taɓa tambayar ba. Mai duba takarda yana neman ka faɗi magana, ka kawo hujja daga littafin, ka nuna yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Wanda ya karanta ɗan taƙaitaccen bayani na kasuwa kaɗai, bai buɗe littafin ba, a nan asirinsa ke tonuwa.

To wannan ɗin shi ne aikin lauya baki ɗaya. A aji biyu na jami'a za a miƙo maka hukuncin Kotun Ƙoli mai shafi arba'in, a ce ka tsamo dalilin da alƙali ya gina hukunci a kansa, ka ware shi daga maganganun da ya yi a kan hanya. Za a ba ka sashe ɗaya na doka, a ce kalma ɗaya a cikinsa tana nufin dole ne ko ganin dama. Wanda ya saba zama da rubutu mai wuya har ya ba shi ma'ana ba ya firgita. Shi ya sa nake cewa ko da jami'ar da kake so ba ta tilasta Adabi ba, ka ɗauke shi. Idan babu malami a makarantarku, ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi ɗalibin sashen Turanci na kwalejin ilimi mafi kusa, ya riƙa zama da ku Asabar da Lahadi. Littafi ɗaya kowane zango, waƙa ɗaya kowane sati, amsa ɗaya a rubuce duk mako biyu a duba muku. A haka za ku gama jerin kafin tsakiyar SS3.

Tsakanin Gwamnati da Tarihi, Gwamnati zan ɗauka. A nan za ka fara jin rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu, da tsarin tarayya, da jerin kundayen tsarin mulki tun daga na Clifford na 1922, na Richards na 1946, na Macpherson na 1951, na Lyttleton na 1954, har na 1960, 1963, 1979 da 1999. Duk za ka sake cin karo da su a darasin dokar tsarin mulki. Tarihi ba shi da laifi, sai dai malamansa sun yi ƙaranci, kuma a wurare da yawa ana rubuta su ne "Gwamnati ko Tarihi", wato ɗaya ya wadatar. Tattalin Arziki ka riƙe shi a WAEC don cike biyar, amma a JAMB yana da lissafi da zane-zanen da ke cinye lokaci. Labarin Ƙasa ba ya ƙara maka komai a nan. Darasin zama ɗan ƙasa na gari da darussan sana'a kuwa ba sa cikin darussan JAMB ma, kada ka sa su a lissafin ukunka.

Larabci da Addinin Musulunci suna da wani nauyi a Arewa wanda jagororin da aka rubuta daga Legas ba sa ambata. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Bayero a Kano, Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Ilori, duk suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar da aka gada daga Ingila, kuma masu neman wannan ɓangare galibi ana son su zo da Larabci ko Addinin Musulunci. Wanda ya fito ta nan cikakken lauya ne, makarantar horas da lauyoyi ɗaya suke zuwa da kowa, sannan yana da ƙarin fili a shari'un aure da gado, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, inda ake kafa hujja da littattafan mazhabar Malikiyya. Ɗaliban makarantun Islamiyya masu sakamakon NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da Addinin Musulunci, su duba abu ɗaya da wuri, wato ko jami'ar da suke so tana karɓarsa a wannan fanni, kuma ko sun yi Adabin Turanci.

Lissafi kuma, kada wanda ya ruɗe ka da cewa lauya ba ruwansa da shi. Jami'o'i da dama sun daɗe suna neman kiredit ɗinsa, kuma ƙa'ida kan iya sauyawa tsakanin shigarka SS1 da fitarka. Ka nemi C6 ko sama, ka huta. Ko a aikin ma yana nan. Mace ta rasu ba ta da ɗa, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su biyun kashi biyu cikin uku. Ka haɗa sai ka ga bakwai cikin shida, rabo ya fi dukiya. Sai an yi auli, a mayar da asalin bakwai, miji ya ɗauki uku, su huɗu. Wanda ya tsere wa lissafin ɓangarori a JSS zai sha wuya a ajin gado.

Yanzu ga inda kuɗin iyaye ke salwanta.

Cibiyoyin da ake kira na mu'ujiza, waɗanda ke alƙawarin kiredit tara ga duk wanda ya biya, su ne tarko na farko. Hukumar jarrabawa kan riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi, wata da watanni, wani lokaci a soke. Ko sakamakon ya fito, yaron da ke da A1 a Adabi amma bai iya rubuta sakin layi ɗaya ba, jarrabawar tantancewa ta jami'a ko shekarar farko za ta fallasa shi. Masu cewa za su ƙara maka makin JAMB kuwa ɓarayi ne tsantsa. Takarda za su buga maka da sabon maki, amma abin da ke cikin kwamfutar hukumar bai motsa ba, kuma gabatar da ita laifi ne da ake kama mutane a kansa.

Na biyu shi ne rajista ta hannun wani. Ka ba mai shagon intanet kuɗi ka tafi kasuwa, shi kuma ya cike maka darussan da ya ga dama, ko ya saka Hausa a gurbin Adabi don ya ji ka ce ka fi iya ta. Rajistar JAMB a cibiyar da hukumar ta amince da ita ake yi, da lambar NIN ɗinka da layin wayarka, kai da kanka. Kafin a tura, ka karanta darussan huɗu a allon kwamfuta da idonka. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN, WAEC, NECO da JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan uba a gaba a wata takarda, a baya a wata, irin wannan kan bi mutum har ranar da zai nemi shiga makarantar horas da lauyoyi, yana yawon rantsuwar kotu. Idan sakamakonka ya fito bayan rajista, ka koma cibiyar a ɗora shi a shafinka na JAMB. Da yawa sun ci maki mai kyau an tsallake su don wannan kaɗai.

Na uku shi ne "gurbi ta bayan gida". Tun 2017 ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ake ba da gurbin jami'a. Duk takardar shiga da ba ta bayyana a can ba, ko wa ya sa mata hannu, ko nawa aka biya, iska ce. Haka masu sayar da sakamakon IJMB (jarrabawar share fagen shiga jami'a) ko difloma na bogi don shiga aji biyu kai tsaye: yanzu ana aikawa makarantar da aka ce ta bayar, a tambaya. Hanyar kanta halal ce. Wanda ya yi IJMB ko takwararta JUPEB da gaske, ko diflomar shari'a a kwalejoji irin na Mohammed Goni a Maiduguri ko A.D. Rufa'i a Misau, zai iya yin shekara huɗu a maimakon biyar. Amma ko ta nan ka biyo, za a sake duba kiredit biyar ɗinka na sakandare, kuma tambayar Adabi tana nan tana jira.

Na huɗu ya fi duka ciwo, don sai an kashe shekara biyar ake ganinsa. Digirin shari'a kaɗai ba ya sa ka zama lauya, sai ka yi shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, a Bwari, ko Bagauda, ko Yola, ko sauran rassanta, an rantsar da kai a matsayin lauya. Majalisar Ilimin Shari'a ce ke tantance tsangayoyi, ta kuma yanka wa kowace adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Tsangayar da ta ɗebi fiye da kasonta, ɗalibanta kan gama su zauna a gida suna jiran layi. A farkon 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas bayan matakin majalisar. Don haka amincewar hukumar kula da jami'o'i kaɗai ba ta isa ba, ka tambayi ta majalisar, ka tambayi kason, ka tambayi ɗaliban aji biyar su nawa ne. Masu tallar digirin gaggawa na Kwatano kuma, ka guje su: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo.

Wanda ya riga ya kai SS2 a ajin kimiyya kuma zuciyarsa ta koma lauya, ya je ofishin jarrabawa na makarantarsu a wannan zangon, don makarantu na tura makin gwajin aji tun daga SS1, canjin darasi a SS3 yakan zo da rigima. Idan ƙofar ta rufe, ya gama abin da ya fara, sannan ya zauna jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO a ƙarshen shekara, da Adabi da Gwamnati da Addini, ya zaɓi jami'ar da ke karɓar zama biyu.