Holi ko Diwali: wanne ya fi dacewa a je gani a Indiya?

Masu shirin zuwa Indiya suna yawan tambayar wanne za su riska cikin bukukuwan Hindu biyun nan.

Holi yakan faɗo a Maris. Daren farko ana hura wuta don tunawa da labarin addinin Hindu na kuɓutar yaro Prahlada daga gwaggonsa Holika da ta so ƙona shi, kashegari kowa ya fito titi ana watsa wa juna garin kala, attajiri da talaka ba bambanci. Shiga ba wuya, ba tsada. Sai dai kala mai sinadari tana ƙona ido da fata, shi ya sa ake shafa man kwakwa kafin fita. A kula da thandai, abin shan madara, domin wani lokaci ana zuba masa wiwi. Mace kada ta shiga cunkoson bikin a birnin Mathura na arewacin Indiya ita kaɗai.

Diwali kwana 5 ne, a Oktoba ko Nuwamba. Bikin cikin gida ne: a jera fitilun yumɓu, a bauta wa Lakshmi, allahiyar arziki ta Hindu, 'yan kasuwa su buɗe sabon littafin lissafi. Tikitin jirgin ƙasa yana ƙarewa da wuri, hayaƙin tartsatsin wuta kuma yana turnuƙe Delhi.

Matashi mai juriyar hayaniya, Holi ne nasa. Mai iyali da ya samu gidan da zai karɓe shi ya jira Diwali, amma mai asma ya kauce wa Delhi.