Boya BY-M1: makirufon da ƙananan ƙungiyoyin agaji na Katsina suke buƙata fiye da sabuwar waya

Duk mai bin shafukan ƙananan ƙungiyoyin agaji na Katsina a Facebook ya san irin wannan bidiyon. Dattijuwa zaune a kan tabarma, bakinta na motsi, hannunta na nuna yamma inda ta baro, amma abin da ke shiga kunne iska ce, da kukan janareta, da muryar mai riƙe da waya, don shi ya fi kusa da ita. Kafin daƙiƙa 10 mai kallo ya wuce gaba. Matar ta yi magana ba a ji ta ba, kuɗin hatsi ko na magani da aka yi bidiyon dominsu ba su taru ba. Sai a ɗora wa waya laifi, a fara shawarar sayen wata mai tsada, alhali ba hoto ne ya gaza ba, sauti ne.

Mutanenmu masu saurare ne. Tun 1957 sashen Hausa na BBC ke shiga gidaje, yanzu kuma saƙon murya na WhatsApp ya gaji rediyo a hannun waɗanda ba su damu da dogon rubutu ba. Bahaushe zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba zai zauna yana ƙoƙarin tsinto magana daga cikin hayaniya ba. Wannan ya sa muka ɗauki Boya BY-M1, ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, muka auna shi da irin aikin da ake yi a nan.

Abin da ke cikin kwali kaɗan ne: makirufon kansa, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da igiya mai tsawon mita 6, da ɗan kwando a jikin igiyar mai ɗauke da batir LR44 da makunni, da abin maƙalawa, da ɗan soso na rufe kai, da adafta babba ta na'urorin sauti wadda mai waya ba zai buƙace ta ba. Bakin igiyar irin na iyafis ne, milimita 3.5, mai zobe baƙi guda uku. Galibin wayoyin Tecno da Infinix da Itel da ke hannun ma'aikatan sa-kai suna da wannan ramin, sai dai a cusa kawai. Ana samun sa a shagunan kayan waya da kuma kasuwannin intanet, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na makirufo marar igiya mai kyau ba. Da yake ya yi suna, jabunsa ya yawaita. Kada a biya sai an cusa shi a waya a gaban mai shago, an ɗauki magana, an saurara.

Makunnin nan shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Gefe ɗaya an rubuta Cameras, ɗayan OFF/Smartphone. In da waya za a yi aiki, a bar shi a gefen Smartphone; wayar ce ke ba shi wuta, batirin ba ya aiki a lokacin. Gefen Cameras na kyamara ne da na'urar ɗaukar sauti, a nan ne batir ke ci. Wanda ya tura shi gefen da ba daidai ba zai iya gama hirar minti 20 ya tarar babu komai, kuma ba kowace uwa ce za ta iya maimaita labarin ranar da aka kore su daga gida sau biyu ba. Wanda kuma ya mance shi a Cameras ya jefa jaka, zai tarar batir ya mutu ranar da ya fi buƙatarsa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wasu manhajojin kyamara da ke zuwa da waya ba sa kula makirufon waje, suna ci gaba da ɗauka da na jikin waya, mai aiki yana ganin igiya a cushe yana zaton komai daidai. Gwajin ba shi da wuya. A fara ɗauka, a nisanta waya, a ɗan sosa kan makirufon da farce, a tsaya, a cire igiyar a saurara. In ƙarar sosawar ta fito da ƙarfi, yana aiki. In ba ta fito ba, a sauke manhajar Open Camera, kyauta ce a Android, a shiga saitin bidiyo a zaɓi makirufon waje. Dole a cire igiyar kafin saurare, domin muddin tana ciki wayar na ɗauka iyafis ne, ba za ta yi magana a fili ba. Wannan babban rauni ne a BY-M1: ba shi da ramin da za ka sa iyafis ka ji abin da ke shiga yayin da ake ɗauka. Ƙanensa BY-M1 Pro yana da ramin iyafis, wanda ke da ɗan ƙarin kuɗi gara ya nemi wannan.

Wajen maƙalawa nan ne aikin yake, kuma takardar cikin kwali ba ta san hijabi ba. Ga namiji mai kaftani abin da sauƙi: a maƙala a tsagar wuya, kimanin taƙi ɗaya daga baki, wato santimita 15 zuwa 20. Mai babbar riga kuwa duk lokacin da ya ɗaga hannun riga ya aza a kafaɗa, shadda za ta goga kan makirufon ta yi ƙara kamar ana yaga takarda, saboda haka a maƙala a kaftanin ciki, a tsakiya, inda rigar sama ba ta rufe ba. Ga mace, in aka sa shi ƙarƙashin hijabi murya za ta dushe, yadin kuma zai yi ta shafa shi duk numfashi. A maƙala shi a waje, a ninkin da ke ƙarƙashin haɓa, a ɗan saukar da shi, a lanƙwasa igiyar ta bi bayan kafaɗa. Kuma mace ce za ta maƙala wa mace. Ƙungiyar da ta fita aiki ba tare da ma'aikaciya ko ɗaya ba ta riga ta rasa rabin labaran da ta je nema, don yawancin waɗanda ke zaune da yara a cibiyoyin tamowa da matsugunan 'yan gudun hijira mata ne. In uwa tana riƙe da yaro a cinya, a ɗaga makirufon sama kaɗan ta gefen da hannunsa ba ya kaiwa, in ba haka ba zai ja shi ya kai baki.

Idan aka maƙala shi daidai, bambancin a bayyane yake. Muryar tsohuwar da ba ta ɗaga sauti tana fitowa kusa, har da ajiyar zuciya da ɗan shirun da take yi kafin ta ambaci sunan wanda ta rasa. Tsawon igiyar kuma yana ba mai ɗauka damar ja da baya taku huɗu ko biyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da aka kafa wa waya a fuska yana ƙanƙancewa, ya koma ba da amsar “e” da “a'a”. In aka ja baya, ma'aikaciya ta zauna kusa da ita a tabarma ta ce, “Inna, ba ni labari tun daga farko, kada ki damu da wayar,” sai magana ta warware.

A ganinmu mafi girman amfaninsa shi ne yana raba labari da fuska. A jihar da ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari suka sha fama da 'yan bindiga, nuna fuskar wanda ya tsere da ambaton ƙauyensa na iya zama haɗari gare shi ko ga danginsa da suka rage a can, kowa ya san maganar infoma. Da sauti mai kyau ba sai an nuna fuska ba. A ɗauki hannayenta suna tankaɗe, ko tukunya a murhu, ko takalman yara a bakin ƙofa, muryarta na tafiya a kai. Haka ma yaro mai tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aikin tamowa a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025. Adadi irin wannan ya isa ya girgiza mutum, ba a buƙatar a tuɓe yaro a nuna haƙarƙarinsa a Facebook. Hoton ma'aunin dantsen yaro a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, tare da muryar uwa tana faɗin tun yaushe ya daina cin abinci da nisan da ta tako, ya fi tsayawa a zuciya, kuma yaron zai girma ba tare da hotonsa tsirara yana yawo a wayoyin mutane ba.

Izini ma da makirufon ake ɗaukarsa. Kafin tambayar farko a bar shi yana aiki a ce, “Inna, za mu sa maganar nan a waya mutane da yawa su ji, har waɗanda ba mu sani ba. Kin yarda? In ba ki yarda ba, taimakonki yana nan, ba a taɓa shi.” Jimlar ƙarshen nan wajibi ce, domin mai jin yunwa zai ce ya yarda da komai in yana tsoron buhunsa zai wuce shi. A adana wannan guntun daban. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka, amana ce.

Sai abubuwan da ba ya iyawa. Makirufo ne mai ji ta kowane gefe, ba ya tace hayaniya, kusancinsa da baki ne kawai ke sa murya ta rinjayi sauran. Injin niƙa ko janareta a bayan katanga za su shiga. A nemi a kashe na minti 10, ko a koma zaure ko cikin ɗaki mai katifa da labule. Ɗakin siminti wanda babu komai a ciki yana amsa-kuwwa. Soson da ke zuwa da shi na numfashi ne da 'yar iska, ba na hunturun Katsina ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in a fili za a yi, a sayi murfin nan mai gashi-gashi, a kuma zaunar da mai magana ya ba iska baya, jikinsa ya zama katanga. Soson yana da saurin faɗuwa, ɗan zare a gindinsa yana riƙe shi. Igiyar siririya ce, mita 6 kuma na saurin harɗewa. A naɗe ta a sassauce kamar yadda ake naɗe igiyar guga, kada a ɗaure ta tamau a jikin kwandon batir, don a nan take karyewa ta ciki, sauti ya dinga ɗaukewa yana dawowa. Kada a ɗauka waya na caji, caja marar kyau na sa gurnani a ƙarƙashin murya. A kuma danna alamar jirgi kafin a fara, kira ɗaya na iya katse ɗauka.

Masu iPhone daga 7 zuwa sama da sababbin wayoyin da ba su da ramin iyafis sai da adafta, kuma ba kowace ce ke wucewa da sautin makirufo ba, wasu na saurare ne kawai. A gwada ta a shago. Shi BY-M1 na mutum ɗaya ne. In ana son muryar mai tambaya ita ma ta fito, akwai BY-M1DM mai kai biyu. Wurin rabon kaya kuwa, inda ake kai-da-kawo cikin jama'a, igiya tarko ce, nan aikin marar igiya ne.

Bayan ɗauka, yadda aka fitar da shi na iya ɓata abin da aka gyara. Minti ɗaya ya isa labari ɗaya: wace ce, ba sai da suna ba, me ya faru, me ake nema takamaimai, buhu nawa, gida nawa, zuwa wace rana. Kada a ɗora kiɗan tausayi a kai ya danne muryar da aka sha wahala aka samo. A sa rubutun Hausa a ƙasan bidiyo saboda masu kallo a wurin aiki da ba sa buɗe sauti, a kuma sa na Turanci in ana son 'yan uwa na Abuja da Legas da ƙasashen waje su tura wa abokansu. Tsakanin ma'aikata a tura fayil a matsayin takarda, wato Document, a WhatsApp, don in aka tura shi a matsayin bidiyo manhajar na matse shi, kowace turawa kuma da abin da take ragewa. A fitar da sautin kaɗai shi ma: minti ɗaya na MP3 bai fi MB 1 ba, bidiyo mai kyau na minti ɗaya kuwa na iya haura MB 60, ga mai ƙarancin data a Daura ko Mai'aduwa wannan shi ne bambancin ya ji ko kada ya ji. Abin da aka sa a Status yana gushewa bayan awa 24, saboda haka a ajiye na dindindin a shafin Facebook, tare da lambar asusu mai sunan ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. A cikin sautin kansa a ambaci sunan ƙungiyar da watan da aka ɗauka, domin saƙon neman taimako yana daɗewa yana yawo, wani ma ya yanke shi ya liƙa tasa lambar.

Sannan a koma. Bayan an kai hatsin ko an sallami yaron, a sake zama da matar da makirufon nan, ta faɗa da bakinta abin da ya iso hannunta, a haɗa da hoton rasit. Wanda ya ba da naira dubu a karon farko, wannan saƙon na biyu ne ke sa ya sake bayarwa lokacin da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare.

Ƙungiyar da ke hira da mutum ɗaya a zaune, da wayar da ke da ramin iyafis, BY-M1 ya ishe ta, kuma gara ta sayi biyu a kan ta ƙara kuɗi a kyamara, don ranar da igiyar ɗaya ta karye a Jibiya ba za a samu wata a kusa ba. A jakar a ajiye batir LR44 guda biyu, irin na ƙananan kalkuleta da ake samu wajen masu gyaran agogo, da soso na ajiya, da ɗan ƙyalle na goge ƙura bayan kowace fita.