Digiri na Biyu ko Satifiket a Fannin Tsaron Intanet?

Digiri na biyu yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, ga kuɗi ba kaɗan ba. Ribarsa zurfin ilimi: lissafin ɓoye bayanai, dokoki da bincike. Mai burin koyarwa a jami'a, hanyarsa ke nan.

Satifiket kuwa iri-iri ne. Security+ na sabon shiga ne. Jarrabawar OSCP, satifiket ɗin masu gwada kutse da izini, ba ta wasa: kusan awa 24 kana kutsawa cikin kwamfutocin gwaji, sannan ka rubuta rahoto, in barci ya bar ka. CISSP, satifiket ɗin ƙwararru, sai mai shekara 5 a bakin aikin tsaron, digiri ma shekara ɗaya kacal yake ragewa daga ciki. Ni dai, ga matashi mai neman aikin farko, zan ce ya fara da Security+, digirin ya biyo baya in albashi ya fara shigowa.