Horon hulɗa da biranen ƙetare: wanne ya kamata ƙaramar hukuma a Sakkwato ta biya?

Kwanan baya na leƙa ofishin wani abokina, daraktan ma'aikata a ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu na bakin iyaka. Na tarar da takardu uku a kan teburinsa, ya danne su da kofin shayi don kada fanka ta kwashe. Ɗaya mai sheƙi ce da hoton dogayen benaye, wani kamfani na gayyatar ciyaman da mutum huɗu zuwa Dubai, kwana biyar, a koya musu "diflomasiyyar birane". Ta biyu wasiƙar wani kwas ce a cikin gida. Ta uku kuwa saƙon imel ne da aka buga, na karatu ta intanet. Ya ce, "Malam, ciyaman ya ce in ba shi shawara kafin Litinin. Ni dai na san wadda ransa ke so." Muka yi dariya, don ni ma na sani.

Abin da ake nufi da wannan fanni shi ne yadda gari ko ƙaramar hukuma ke ƙulla zumunci da takwararta ta wata ƙasa, ko da wata hukumar bayar da tallafi, don a yi wani aiki tare. Ya daɗe a duniya. Shugaban Amurka Eisenhower ya ƙaddamar da shirin ƙawancen birane tun 1956, kuma ƙungiyar ƙananan hukumomi ta duniya, UCLG, wadda aka kafa a 2004, tana da hedikwata a Barcelona da reshen Afirka a Rabat. Mu nan dai bai zama ruwan dare ba. Amma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, masu sayar da horo sun ƙara yawan sallama a sakatariyoyi. Sun ji ƙamshi.

Kafin a duba farashi, akwai tambayar da zan fara yi wa duk mai tallar kwas: a cikin jadawalinka, ina darasin dokar Najeriya? Tsarin mulkin 1999 ya sa harkokin waje cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, haka ma cin bashi daga ƙetare. Ciyaman ba shi da hurumin sa hannu a kan yarjejeniya da wata ƙasa, ba shi kuma da ikon ciyo rance daga wani banki na waje. Abin da ke hannunsa shi ne ayyukan da Jadawali na Huɗu ya lissafa: kasuwanni, tashoshin mota, kwata, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. A cikin wannan da'irar zai iya rubuta takardar fahimtar juna da wani gari, da sanin Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu ta jiha, idan kuma tallafin waje ya shigo ciki sai an bi ta ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. Malamin da zai tsaya a Dubai ya yi bayanin yadda magajin garin Paris ke tafiyar da ofishinsa na harkokin waje, bai yi ƙarya ba, sai dai ɗalibinsa zai dawo Gudu ko Tangaza da makullin da ba na ƙofarsa ba.

Kuma kuskuren kalma ɗaya a wannan fage yana da tsada. A watan Agusta 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, hukumar tallafin ƙetare ta Japan, JICA, ta ayyana birnin Kisarazu a matsayin garin zumuncin Najeriya. Sanarwar da ta fito daga ɓangarenmu ta ambaci biza ta musamman, Japan ta ce ba haka aka yi ba, jama'ar can suka tayar da jijiyar wuya, wata guda bayan haka aka janye shirin baki ɗaya. Idan hakan ta faru da manya masu ofisoshin jakadanci, sai a ƙiyasta abin da zai faru da sakatare ɗaya da tafinta na haya.

To, mu dawo kan takardun abokina. Ta Dubai ita ce mafi tsada, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da za a riƙe a hannu. Kuɗin kwas da dala, tikiti da dala, otal da dala, guzurin kowane mutum da dala, ga shi a 2024 dala ta haura naira 1,500. Mafi yawan irin waɗannan tafiye-tafiye ɗakin taron otal ake haya, malamin ma sau da yawa a jirgi ɗaya aka taso da shi daga Abuja, ɗaliban kuma duk 'yan Najeriya ne. Wato an je ƙetare an yi hulɗa da juna. Ban ce duk na wannan sahu cuta ba ne, amma gwajin mai sauƙi ne. A nemi sunan hukumar birnin da za ta karɓi baƙin, da wasiƙarta a kan takardarta mai hatimi, da lambar wata ƙaramar hukuma da ta taɓa zuwa don a ji ta bakinta. Wanda ya fara kame-kame a nan, an gama magana.

Akwai makarantun waje na gaskiya da wannan ne sana'arsu. A birnin Hague na ƙasar Holan akwai kwalejin koyar da mulkin ƙananan hukumomi mai gajerun kwasa-kwasai, reshen UCLG na Afirka kuma yana da tasa makarantar, ALGA, a Maroko. Amfaninsu na farko shi ne abokan aji: ma'aikacinka zai zauna benci ɗaya da na Kenya da Gana da Senegal masu fama da shara da ambaliya irin tasa, ya dawo da lambobin mutanen da za su ɗaga waya. Ta Maroko ta fi kusa da yanayinmu, sai dai wanda ba ya jin Faransanci zai rasa rabin hirar da ake yi a wajen cin abinci, kuma a nan ake ƙulla yawancin zumuncin. Ta Turai tana buƙatar biza, wadda ba a samu cikin mako biyu, don haka duk wanda ya ce maka an shirya tafiya nan da kwana goma, ka sake duba takardar.

Wanda mutane suka fi mantawa da shi shi ne horon da wasu ƙasashe ke ɗaukar nauyinsa kyauta. Japan na yi ta JICA, Koriya ta Kudu ta KOICA, Indiya ta shirin ITEC da ta fara tun 1964, Sin ma tana gayyatar ma'aikatan gwamnati tarukan bita. Galibi su ke biyan tikiti da masauki. Wahalar ita ce ba a shiga da kuɗi, sai gwamnati ta miƙa sunanka, kuma gurbin kan tsaya a ma'aikatun Abuja ko na jiha kafin labari ya iso ƙaramar hukuma. Maganinsa a sa mutum ɗaya ya riƙa bibiyar sanarwar ofisoshin jakadancin nan, da fasfo a shirye da takardun aiki a cike. Mai fasfo a aljihu shi ke tafiya ranar da wanda aka zaɓa ya kasa.

Na cikin gida fa? Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 an ɗora wa jami'o'i uku horar da ma'aikatansu: Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Nsukka. Har yau sashen nazarin ƙananan hukumomi yana nan a harabar Kongo, kuma da yawa daga cikin tsofaffin sakatarorinmu can suka yi difloma. Kwalejin ASCON da ke Topo a Badagry, wadda aka kafa a 1973, tana horar da ma'aikatan gwamnati kan gudanarwa da tsara ayyuka. Waɗannan sun san doka, sun san yadda fayil ke tafiya, da naira ake biyansu, takardar shaidarsu kuma hukumar ma'aikata ta san da ita ranar ƙarin girma. Rauninsu shi ne ɓangaren ƙetaren bai da ƙarfi, domin ba don shi aka gina su ba. Makarantar jakadu ta Ma'aikatar Harkokin Waje kuwa ta jami'anta ce, ba a yi ta don mai karɓar harajin kasuwa ba.

Karatun intanet shi ne mafi araha, hukumar horo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNITAR, tana da irinsa, wasu ma kyauta. Yana da kyau ga matashin ma'aikaci mai naci. Amma na ga yadda yake ƙarewa: mako na farko da zumuɗi, na biyu babu wuta, na uku data ta ƙare. Idan za a bi wannan hanya, a haɗa mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya mai sola, a ware musu safiyar wata rana a kowane mako, wani babba ya riƙa tambayar inda aka kwana.

Sauran zaɓi ɗaya wanda babu shi a teburin abokina, kuma shi na fi so: a kawo horon gida, a gina shi a kan wani aiki takamaimai. Dalilina shi ne ƙasar wajen da ta fi shafar Sakkwato ba ta buƙatar jirgi. Daga birni zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, daga can ana hango hanyar Birnin Ƙonni na Nijar. Gada da Sabon Birni da Tangaza da Gudu duk suna kallon Nijar. Shanun da ke cika karar Illela ranar Lahadi, da albasa, da ruwan da ke gangarowa ta Gulbin Maraɗi zuwa Rima, da cututtukan dabbobi da na yara, babu wanda ke tsayawa a shingen kwastan ya nuna fasfo. An kafa hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971 da ofis a Yamai, kuma Kano da Katsina da Maraɗi sun daɗe da nasu tsarin na zirga-zirgar kaya. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka soma daga Illela a 2024. Duk wanda ya ga yadda kasuwanni suka yi tsit lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, ya san wannan hulɗa ce ta tuwo da miya.

Sai dai ita ma tana da ƙa'idarta, kuma a nan horon ke da amfani. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sojoji sun rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa a 2024 suka naɗa masu riƙo, saboda haka wanda za ka zauna da shi a Ƙonni ba lallai ya iya cewa to ba sai ya ji daga sama. Kai ma haka. A baki Hausa ta wadatar, har ma Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025, amma takardun ofis har yanzu da Faransanci suke zuwa. Ƙaramar hukumar bakin iyaka da ba ta da ma'aikaci ɗaya mai iya karanta wasiƙar Faransanci ta fi buƙatar tura shi koyon harshen, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, a kan kowane kwas na diflomasiyya.

Yadda nake ganin za a tsara shi: ƙananan hukumomi biyar ko shida su haɗa kai ta hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, wadda dama ake cire mata kashi 1 cikin 100 na kason wata don horo. A ɗauko malamin doka da na kimiyyar siyasa daga jami'a, da tsohon jakada ɗaya da ya yi ritaya, da wani da ya taɓa rubuta takardar neman tallafi aka kuma ba shi. Sharaɗin biyan kashin ƙarshe na kuɗin shi ne kowace ƙaramar hukuma ta fito da abubuwa uku a rubuce: bayanin kanta a shafi biyu da alƙaluman gaskiya, takardar neman tallafin aiki ɗaya da kasafinsa, da daftarin takardar fahimtar juna da lauyan gwamnati ya duba. Masarauta ma a gayyace ta, domin zumuncin hakiman bakin iyaka da sarakunan Adar da Gobir na can ya girmi iyakar kanta, kuma sukan buɗe ƙofar da wasiƙa ta kasa buɗewa. Hatsarin wannan zaɓi ɗaya ne, kuma sananne: ya rikiɗe ya zama bitar sa hannu da karɓar ambulan. Shi ya sa na ɗaure biyan da takardun.

Saura batun wa za a tura. Ciyaman da kansiloli wa'adi gare su, ranar da suka tafi da iliminsu suke tafiya. Jami'in tsare-tsare da na lafiya da na noma su ne za su amsa imel bayan shekara biyar. Su ma hukumar ma'aikata na iya yi musu canjin wurin aiki, don haka a horar da biyu, a buɗe fayil na musamman da adireshin imel na ofis, kada komai ya zauna a wayar mutum ɗaya. Ciyaman yana da nasa rabon: kwana ɗaya na ladubban karɓar baƙi da abin da ba a alkawartawa a gaban kyamara. Tafiya kuma ta zo daga baya, lokacin da aka sami takwaran da ya amsa wasiƙa, aka san abin da za a je gani. A lokacin ne zuwa da kai ya fi aike.

Ranar Litinin abokina ya shiga wajen ciyaman da shafi ɗaya. Ya ce masa, "Ranka shi daɗe, kuɗin mutum biyar na Dubai zai ishe mu bitar gida, ya kai yaro ɗaya koyon Faransanci, har a yi wa jami'in tsare-tsare fasfo." Ciyaman ya juya takardar mai sheƙin nan gaba da baya, ya ajiye, ya tambaya ko a cikin ma'aikata akwai wanda iyayensa 'yan Ƙonni ne. Aka ce akwai wani a sashen lafiya. Ya ce a kira shi bayan azahar.