Wane keke ne zai kai ka Yamai daga Tawa?

Daga Tawa zuwa Yamai, in ka bi ta Tsernawa, Ƙonni, Dogon Dutse da Doso, tafiyar kimanin kilomita 550 ce a kan kwalta. Mai lafiya da ya yi shiri zai iya cinye ta a keke cikin kwana shida zuwa takwas. Sai dai ba kasafai gajiya ke tsayar da mutum a irin wannan hanya ba. Ƙaramin ƙarfe ne ke karyewa a ƙauyen da babu irinsa. Don haka kafin ka tambayi mai sayarwa kuɗin keke, tambayi kanka: in wannan abin ya lalace tsakanin Ƙonni da Dogon Dutse, wa zai gyara mini shi, kuma da me?

Kekunan da za ka tarar a kasuwa iri huɗu ne, kuma biyu daga ciki za mu sallame su da wuri.

Keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu, an yi shi ne don gudu a kan titi mai santsi ba tare da kaya ba. Faɗin tayarsa milimita 23 zuwa 28 ne, ba ta jure gefen kwalta da ya ciccinye, kuma duk lokacin da babbar mota ta tilasta maka sauka kan tsakuwa, tiyub na iya matsewa tsakanin dutse da gargare ya fashe wuri biyu. Yawancinsu ma ba su da ramin ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya. Na biyu shi ne sabon keken nan mai ƙyalli, mai sifirin gaba da baya, wanda ake sayarwa da araha. Sifirin ɗin baya yana shanye ƙarfin ƙafarka a kowane taku, bayan 'yan makonni ya fara kaɗawa yana ƙara, kuma babu inda za ka kafa kariya ta zauna daram. Ado ne na cikin gari.

Gardamar gaske tana tsakanin baƙin keke na gargajiya da keken hawan dutse na hannu.

Baƙin keke, irin su Phoenix, Flying Pigeon da Hero, mai taya inci 28 da birkin sanda, shi ne wanda kowane mai gyara a kasuwar ƙauye ya san cikinsa da wajensa. Ƙarfe ne zalla, mai walda zai liƙe shi in ya tsage, kariyarsa kuwa buhun gero take ɗauka ba ta ce komai ba. Aibinsa nauyi, wajen kilo 20 tun ba a ɗora masa kaya ba, sannan giya ɗaya tak. Haƙoran gaba yawanci 44 zuwa 48 ne, na baya 18 ko 20, ma'ana kowane zagayen feda yana tura ka mita 5 ko fiye. A shimfiɗaɗɗen wuri wannan daɗi ne. A hawan tudun Adar, ko in iska ta tare ka, gwiwa ce ke biya. Akwai dabara mai sauƙi: a canza firin baya a sa mai haƙora 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu. Gudu zai ragu kaɗan, amma hawa zai yi sauƙi sosai. Birkin sanda kuma ba ya kamawa da kyau in gargare ya ɗan karkace, kuma da kaya a baya za ka ji bambancin a gangara.

Keken hawan dutse na hannu, wanda ake kawowa daga Turai, mai taya 26, jikin ƙarfe, ba sifirin, giya 18 ko 21, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin mutane, muddin an duba shi da kyau. Nauyinsa kilo 13 zuwa 15. Giyarsa mafi sauƙi tana tura ka mita 2 kacal a zagaye ɗaya, don haka za ka hau tudu a zaune da kayanka ba ka sauka ka tura ba. Tsakanin na ƙarfe da na alminiyon, ɗauki na ƙarfe ko da ya fi nauyi da kilo ɗaya: mai waldan bakin hanya ba zai iya liƙe alminiyon ba. Ka je kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne.

Wani tarko da ke kama mutane da yawa: ba kowace taya 26 ce 26 ba. Duba gefen tayar, za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 47-559. Ta farko faɗi ne, ta biyu girman gargare, duka a milimita. Keken hawan dutse 559 ne. Kekunan Japan na hannu, masu kwando a gaba, su ma ana ce musu 26, amma 590 ne, tayar wannan ba ta hawa gargaren wancan ko da za ka kwana kana turawa. Baƙin keke 635 ne, keken tsere 622, alhali dukansu ana iya ce musu 28. Rubuta lambar kekenka a takarda ko a waya, ka daina sayen taya da ido. Haka bakin tiyub: nemi mai kauri irin na babur da mota, domin shi ne famfon kowane mai faci ke kamawa. Siririn nan na keken tsere sai da ɗan mahaɗi na musamman, ranar da ya ɓace kuwa ka shiga uku.

Abin dubawa kafin ka biya

Kada ka saya a tsaye. Ɗaga ƙafar baya ka juya ta, ka sa ido tsakanin gargare da robar birki. In tana kai da komowa fiye da milimita 2, sai an daidaita ta. Ƙirga wayoyin ƙafar: 36 ake so a baya, domin nan nauyi ke zama. Matsa su bibbiyu da yatsu. In wasu sun yi tauri wasu sun saki, ko ka ga tsatsa a inda suka lanƙwasa kusa da cibiya, to ƙafar nan za ta fara tsinke waya ɗaya bayan ɗaya da zarar ta ji kaya. Waya ɗaya in ta tsinke, maƙwabtanta ne ke ɗaukar nauyinta, shi ya sa ta biyu ba ta daɗewa.

Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe. Motsi ko ƙwas-ƙwas na nufin boris ya ci ko ya saki. Yi haka ga hannun feda. Sannan ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ka ji ko wuyansa na kaɗawa. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ke gangarowa daga wuya: in ka ji kumburi ko fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba, bar shi ko nawa aka rage maka.

Sarƙa tana da ma'auni. Sabuwa, daga fil ɗaya zuwa fil na 24 a gabansa santimita 30.5 ne. In ta kai 30.8, ta miƙe har ta cinye haƙoran baya, kuma in ka sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora za ta riƙa tsalle duk lokacin da ka taka da ƙarfi. Sai a canza su tare, ka cire kuɗin daga cinikin.

Game da birki, na roba mai kama gargare ya fi na faifai sauƙin sha'ani a wannan hanya. Robarsa da wayarsa ana samu ko'ina. Na faifai mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma in bututunsa ya huje a Dogon Dutse, tafiya ta ƙare. Kayan giya in an rubuta Shimano, ko ƙananan ajinsa irin Tourney da Altus ne, sun isa.

Girman keke kuwa, tsaya da shi tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da sandar sama. Daidaita sirdi yadda in ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne babban mai kawo ciwon gaban gwiwa, kuma yawancin masu keke a garuruwanmu a ƙasa suke barinsa don ƙafa ta taɓa ƙasa. Sirdi mai laushi kamar katifa yana ruɗin mai saye: minti goma daɗi, awa uku kuma sai ya nutse ya fara goge cinya. Mai ɗan tauri da ya yi daidai da faɗin ƙashin zamanka ya fi.

Kada ka zuba duk kuɗinka a kan keken. Ware wajen kashi ɗaya cikin uku don taya, kariya da gyara. Taya mai faɗin milimita 47 zuwa 50, mai ɗan santsi a tsakiya, ta fi mai manyan ƙuraje gudu a kwalta. In ka samu Schwalbe Marathon, tana da shimfiɗar kariya daga ƙaya a ciki, ta cancanci kuɗinta. In babu, yanke bakin tsohuwar taya mai santsi ka shimfiɗa ta cikin sabuwar. Nauyi zai ƙaru, faci zai ragu. Yawancin fashewa ba a kan kwalta ake samunta ba, sai lokacin da ka tura keken zuwa inuwar bishiya ya bi ta kan tsidau da ƙayar aduwa. Ɗauke shi a kafaɗa, ko ka shafa tayoyin kafin ka sake hawa.

Kaya su zauna ƙasa-ƙasa a gefe biyu na kariya, nauyinsu daidai, kada ka goya komai a bayanka. Jakunkunan keke na kanti suna da tsada, kuma jarka biyu da aka yanke samansu aka yi musu ƙugiya a wurin maƙera, a kasuwar Katako ta Yamai ko a kasuwar Tawa, suna yin aikin. Ka tabbata dai dunduniyarka ba ta bugun su. Cikin kayan gyara a samu tiyub biyu, faci da sabon sholisho da ba a buɗe ba, famfo, sifana mai lamba 15, makullan nan masu kusurwa shida lamba 4, 5 da 6, wayoyin ƙafa huɗu daidai tsawon naka, wayar birki ɗaya, da ɗan mai da tsumma. A lokacin ƙura, mai kaɗan ake sa wa sarƙa a goge saura, domin mai da rairayi in sun haɗu sun zama abin wasa wuƙa. Hular kwano, riga mai ɗaukar ido da jar fitilar baya ba abin ciniki ba ne a hanyar da bas-bas da tireloli ke bi.

Keken da ka saya yau ba shi za ka hau gobe zuwa Yamai ba. Ba shi mako takwas zuwa goma, kai ma ka ba jikinka. Fara da kilomita 15 zuwa 20 sau uku a mako, ka riƙa ƙara abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba kowane mako, da doguwa guda ɗaya a ƙarshen mako. Koyi juya feda da sauri a giya mai sauƙi, zagaye 80 ko kusa da haka a minti, maimakon danna mai nauyi a hankali. A makonni uku na ƙarshe ɗora cikakken kayanka, ka yi kwana biyu a jere, kilomita 70 zuwa 80 kowace rana. Ɗan Tawa na iya bin hanyar Badagishiri ya dawo, na Yamai ya yi ta hanyar Kollo. Rana ta biyu ce ke gaya maka gaskiyar sirdi da wuyan hannu, kuma kusoshin kariya da za su kwance a nan za su nuna kansu.

Lokaci ya fi kyau tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ba lokacin wannan tafiya ba ne. A hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai tashi daga Tawa zuwa Yamai tana bayansa a yawancin hanya, mai tashi daga Yamai kuwa da ita zai yi ta kokawa, sai ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a lissafi. Manyan zangunan huɗu, Tawa zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Dogon Dutse, Dogon Dutse zuwa Doso, Doso zuwa Yamai, kowanne tsakanin kilomita 130 da 150 ne. Da kaya, gudun kilomita 15 zuwa 18 a awa za ka yi, don haka raba kowane zango biyu ya fi hankali. Tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, sauka kafin ƙarfe 11, in da saura ka ƙarasa bayan la'asar. Dare ba na tafiya ba ne. Kafin kowane zango ka tambayi jandarmomi da direbobin tasha halin tsaron hanyar a wannan ranar, in sun ce a dakata, ka ɗora keken a mota. Katin ɗan ƙasa ya zauna inda hannu zai kai da sauri saboda shingaye.

Ruwa, lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, kuma kada abin da ke kan keken ya gaza lita 4 in za ka bar gari. Gora ɗaya a ciki ta zama ta gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ci kaɗan-kaɗan kowace awa tun yunwa ba ta zo ba, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, cuku ko kilishi, duk ba sa lalacewa a jaka. In ka ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, ko fitsarinka ya yi ja ya ragu, nemi inuwa nan take, ka jiƙa rawaninka da rigarka, kada ka sake hawa sai da la'asar sakaliya.