Idan 'Yan Tsaki Suka Fara Mutuwa, Me Ya Kamata a Fara Kashe wa Kuɗi?

Mai kiwon kaji a bayan gida da ya tarar da 'yan tsakinsa sun takure a lungun akurki, fukafukai a sake, biyu ko uku kuma sun riga sun mutu, yawanci shagon maganin dabbobi yake fara nufa. A can za a jera masa ledoji da kwalabe, kowanne da hoton lafiyayyen zakara a jikinsa, alhali kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi fiye da abu ɗaya ko biyu ba. Matsalar ita ce cututtuka uku da suka fi kashe ƙananan kaji a ƙasar Hausa, wato Newcastle da Gumboro da koksidiyosis, wanda masu kiwo ke kira koksi, suna kama da juna a idon wanda bai ƙware ba, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take da maganin da ke kashe ta. Newcastle da Gumboro ƙwayar bairas ce ke kawo su, babu ledar da za ta warkar da su. Don haka a ganina abin da ya fi cancanta a fara biya shi ne sanin cutar, ko da hakan zai jinkirta sayen magani da rabin yini.

Shekarun tsakin na rage yawan zato. Mutuwar da ta faru a makon farko galibi daga ruɓewar cibiya take, ko sanyi, ko hayaƙin gawayi a ɗakin da ba ya shan iska, domin tsakin mako ɗaya yana bukatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa rage kusan digiri 3 kowane mako. Gumboro da koksi sun fi bugawa tsakanin mako 3 zuwa 6. Newcastle ba ta zaɓen shekaru, ta fi tsananta a lokacin hunturu, kuma tana zuwa da koren zawo da wahalar numfashi, wasu kajin kuma wuyansu ya murɗe. Jini a cikin kashi yana nuni ga koksi, farin zawo mai ruwa da ke manne wa gashin dubura kuma yana nuni ga Gumboro. Amma waɗannan alamu zato suke bayarwa kawai, kuma sau da yawa cuta biyu kan haɗu a garke ɗaya.

Hanya mafi araha ta neman sani ita ce a kwatanta wa mai shago abin da aka gani, sai dai mai shago bai ga kazar ba, kuma abin da ke kan kantarsa zai bayar. Hanyar da ta fi ta nesa ba kusa ba ita ce a kai wa likitan dabbobi tsaki ɗaya ko biyu da suka mutu cikin 'yan sa'o'in da suka wuce, tare da ɗaya mai rai da ke cikin ciwon, a ɗaure gawar a leda a sa ta kusa da ƙanƙara ba tare da an daskarar da ita ba. Idan likita ya feɗe, cikin ɗan lokaci zai ga abin da ba a gani daga waje: rassan hanji biyu masu rufaffen baki cike da jini idan koksi ne, kumburin 'yar jakar da ke saman dubura daga ciki da ɗigon jini a naman cinya da ƙirji idan Gumboro ce, ɗigon jini a tumbin da ke gaban ƙundu idan Newcastle ce. Ana samun wannan hidima a asibitocin dabbobi na jihohi, da asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma idan ana bukatar tabbaci na ɗakin gwaji akan aika samfur zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. A Nijar kuwa LABOCEL, babban ɗakin gwajin dabbobi da ke Yamai, ke wannan aiki.

Akwai yanayi ɗaya da bai kamata a ɗauki gawa a kai ko'ina ba. Idan kaji manya da ƙanana suna faɗuwa da yawa cikin yini ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi jajayen tabo, to ana zargin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya da Nijar a 2006, kuma tana iya kama mutum. A nan a rufe akurkin, a hana yara kusantarsa, a kira jami'in dabbobi na yankin.

Idan an tabbatar koksi ne, magunguna iri uku ne a kasuwa, kuma sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa ake dubawa, domin kamfanoni da dama na sayar da abu ɗaya da sunaye daban-daban. Amprolium shi ne mafi sauƙin samu kuma mafi sassauci ga jikin tsaki, ana ba da shi a ruwan sha kwana 5 zuwa 7. Yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, saboda haka wanda ya zuba bitamin mai ɗauke da B a ruwa ɗaya da shi ya rage wa maganin ƙarfi da hannunsa. A bar bitamin sai an gama. Toltrazuril ya fi tsada, amma kwana biyu kawai ake ba da shi, kuma yana kashe ƙwayar a matakai daban-daban na rayuwarta a cikin hanji, abin da ya sa nake fifita shi idan jini ya riga ya bayyana kuma mutuwa ta fara. Illarsa ita ce yana daɗewa a nama kimanin mako biyu ko fiye, kuma ba a ba wa kajin da ake cin ƙwansu. Magungunan sulfa, irin su sulfadimidine da sulfaquinoxaline, suna da araha kuma suna taɓa wasu ƙwayoyin bakteriya, sai dai suna wahalar da ƙoda, musamman a lokacin zafi ko idan tsaki ba ya shan ruwa sosai. Wannan ne haɗarin sayen su bisa zato, domin Gumboro ma tana taɓa ƙoda, kuma garken da aka ɗura wa sulfa alhali Gumboro ce ke cinsa yana iya yin asarar da ta fi wadda cutar kaɗai za ta jawo. Kowanne aka zaɓa, sai an kwashe jiƙaƙƙen ɓuntu ko dusar katako an shimfiɗa busasshe, in ba haka ba tsakin zai sake tsattsagar ƙwayar daga ƙasa.

Antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, shi ne abin da aka fi saya kuma aka fi ɓarnatarwa. Yana da gurbinsa: tylosin ko doxycycline ga murar da ke sa minshari da kumburin ido, wani kuma da likita ya zaɓa ga ruɓewar cibiya, ko kuma don tare bakteriyar da ke biyo bayan Gumboro, tunda cutar tana raunana garkuwar jiki. Amma ba ya kashe bairas. Kafso ja da rawaya na mutane da ake fasawa a ruwan kaji ba shi da awon da ya dace da tsaki, kuma ba da shi kwana ɗaya ko biyu a daina yana sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin, har ya daina aiki ga kaji da mutanen gidan baki ɗaya. A guji duk wani haɗi da ke ɗauke da chloramphenicol ko furazolidone, domin ƙasashe da dama sun haramta su ga dabbobin da ake ci.

Idan likita ya ce Gumboro ce ko Newcastle, sayayyar ta yi sauƙi duk da labarin ba mai daɗi ba ne: ledar bitamin da gishirin jiki ta ruwan sha, ƙarin ɗumi, da ware marasa lafiya. Gumboro kan yi tsanani kwana kaɗan sannan ta lafa cikin kusan mako guda, kuma kula da shan ruwa na ceton da yawa. Ɓawon maɗaci da barkono da tafarnuwa da iyayenmu ke jiƙa wa kaji ba za su tsayar da ko ɗaya daga cikin cututtukan biyu ba, barkono mai yawa ma yana iya sa tsaki ya ƙi ruwan da yake matuƙar bukata.

Rigakafi kuwa na masu lafiya ne, ba a yi wa tsakin da ya riga ya kwanta, kuma yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya ba da kariya. Ga Newcastle, zaɓin yana tsakanin rigakafi iri biyu, LaSota da I-2. LaSota ta fi yawa a shaguna, amma dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa akurki, a haɗa ta da ruwan da ba shi da sinadarin kulorin, a kuma shanye ta cikin sa'a biyu. Shagon da firijinsa ke bin wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ba wurin sayen ta ba ne, kuma kada a karɓe ta sai da ƙanƙara. I-2, wadda aka samar a Ostareliya domin kajin karkara kuma cibiyar Vom ke yin ta, ta fi jure zafi, ana ɗiga ta a ido ɗigo ɗaya ga kaza kowace irin shekara, a maimaita duk wata huɗu. Ga mai kajin gida goma ko talatin a unguwar da wuta ba ta da tabbas, ita ce ta fi dacewa, ko da yake ita ma ba a barin ta a rana. Komarov kuwa allurar rigakafin Newcastle ce mai ƙarfi ta kajin da suka girma kuma suka riga suka sami rigakafin farko, ba ta 'yan tsaki ba ce. Rigakafin Gumboro na ruwan sha ana fara shi ne wajen mako na biyu a maimaita bisa jadawalin gidan ƙyanƙyasar da aka sayo tsakin, don haka a nemi wannan jadawali ranar saye. Tunda kwalba ɗaya kan ɗauki awon kaji ɗari ko fiye, kuma ba a ajiye ragowar bayan an haɗa, ya fi amfani maƙwabta su haɗa kuɗi su yi wa kajinsu rana ɗaya.

A gaban kantar mai shago, ko mene ne aka zo saye, a duba lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya ake, da ranar ƙarewar aiki, da awon da za a zuba a kowace lita, da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai. Kada a karɓi garin da aka ɗiba daga babban gwangwani aka ƙulle a farar leda ba suna ba awo, kuma a auna ruwan da gorar da aka san litarta, a haɗa na yini ɗaya kawai, a zubar da ragowar kafin a haɗa na gobe.